Sadakar Ukun Karima

"Inna, tambaya guda nike maki. Wa ya mutu?"

"Na gaya maka. Karima."

"Karimar wa? Ɗiyar wa ce? Wace unguwa?"

"Ɗiyar Mai Tabarmi mana. Matar Mas'udu."

"Wane Mas'udu?"

"Illo, ka rage murya, gidan makoki ne."

"Gidana ne! Kuma ni ban san an mutu cikinai ba!"

Bayan rumbu ya ja ni muke wagga magana, makullin mota na hannunsa, gumi na sauko mai daga ƙarƙashin hula. Daga tasha ya sheƙo, don wani ɗan kamasho ya tare shi ya ce Allah ya ba shi haƙuri, ya ga mata na shiga gidanmu suna share hawaye da bakin mayafi. Shi kuwa abin da ya fara faɗo mai a rai, ni ce na tahi. Da ya shigo ya iske ni zaune garau ina juya waina a tanda, wallahi ban ga wata murna a fuskarsa ba. Wannan kuma da sauran magana tsakanina da shi.

Ku da kunka shigo shafin nan jiya da shekaranjiya, ni ce Suwaiba ta Ƙonni, wadda ake ce ma Kaka Suwai. Lakwal, wato boko, ban yi ba, yaƙi da jahilci na yi da tsufana, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi a zuci. Illo ɗana ne, shi ke jan motar Ƙonni zuwa Tawa. Ɗiyarsa Bushira ita ce jikata, tana koyar da yara a lakwal ɗin Bazaga, kullum da safe ta ɗaure kallabi ta hau motonta mai ƙafa biyu kamar jandarma. Akwai kuma Nafi'u na Tsarnawa, ɗan kasuwar albasa, dogo, mai ladabi kamar ya kwanta a taka. Shi ke neman Bushira, ita ma tana son abinta, ba wanda ya tilasa wani. Ranar Asabar ɗin nan da nike ba ku labari, ita ce ranar da iyayensa za su zo sa rana.

To, Karima fa?

Karima cikin waya take. Wata yarinya ce da ba mu taɓa gani ba take rubuta labarin, ta karanta da bakinta, ta saki kashi guda kowace la'asar. Tun damina muke bi. Mun san Karima tun tana budurwa tana taya ubanta saƙa tabarmi, mun san zanenta mai ruwan ƙwai da take ji da shi, mun san ba ta cin kuɓewa. Ni da na haifi 'ya'ya da cikina ban san abin da ba su ci ba kamar yadda na san na Karima.

Muna da gurup, sunansa Dangin Karima. Akwai matan Ƙonni, da na Malbaza, da na Dogarawa, da na Illela, har da wasu daga tsallaken iyaka. Ni anka naɗa uwar gurup saboda ba ni barin magana ta kwana. Wata ɗaliba daga jami'ar Tawa takan zubo mana dogon rubutu kan 'yancin mata, ta ce ni cikakkiyar feminis ce. Na ce 'yar nan, in dai ma'anarta macen da ba ta yarda a kulle 'yar mutane kamar tunkiyar layya ba, to tun kafin a zuba gudron, kwaltar hanya, a garin nan nike ciki.

Su ma mazan suna da nasu, wai shi Masu Fahimtar Mas'udu. Ku ji suna don Allah! Mas'udun shi ne mijin Karima, dillalin shanu, mutumin da ya rantse ranar da ta tare cewa in ta taka bakin ƙofa ba da izininsa ba, a bakin aurenta. Babban mai fahimtar nasu wani ne da ke kiran kansa Damisan Arewa, hoton damisa ya sa maimakon fuskarsa. Duk inda munka yi magana ƙarƙashin labarin sai ya biyo mu. Ni ya taɓa rubuto mani, "Kaka, ki aje waya ki ɗauki tasbaha." Na mayar mai da cewa hannu biyu Allah ya ba ni.

Ranar Alhamis Karima ta fara naƙuda. Mas'udu ya tahi cin kasuwa cikin daji, an kira, an kira, wayarsa ba ta shiga. Ga likita can ƙarshen layi, ga amalanke a ƙofar gida, amma rantsuwa ta tare hanya. Ta ce a ƙara kira. Ta ce a ƙara. Da wayar ta shiga, an riga an rufe mata fuska.

Jama'a, gurup ya zama gidan kuka. Saƙon murya kawai ke shigowa, ba magana ciki sai shessheƙa. Wata a Malbaza ta ƙone tuwo har tukunya ta huje. Wata a Dogarawa ta hana mijinta fura, wai gashin bakinsa irin wanda take gani ga Mas'udu ne in ta rufe ido. Ni ko tuwon dare ban iya haɗiyewa ba, sai ɗan kilishi. Washegari na danna waya na ce, "Dangi, yarinyar nan ta zauna da mu tun shuka har girbi. A ce ta tahi haka nan, ba ko gumba? Asabar ce ukunta. Gidana a buɗe yake."

Kar ku ce na manta da sa rana. Ban manta ba. Mutanen Tsarnawa sun ce bayan azahar, na ce kafin hantsi ya yi zafi mun raba wainarmu mun watse, ko ƙudan gida ba zai sani ba. Sai motar matan Illela ta lalace a hanya. Muna jiransu maƙwabta sunka ji kuka, sunka yafo mayafai. Wanda ya shigo gidan makoki kuwa ba ya tambayar takardar haihuwar mamaci, zama yake ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Kafin in ankara wata ta aika an kira Malam limamin unguwa, ga shi zaune a zaure an shimfiɗa mai buzu.

Nan labarin ya kawo mu bayan rumbu.

"Wato," in ji Illo, yana magana a hankali kamar mai lallashin mahaukaci, "mutuniyar cikin waya ce?"

"Cikin waya take, amma mutuniyar kirki ce."

"Inna, surukai na bisa hanya! Ki kore su!"

"In kori masu gaisuwa? Ni ba a yi mani wagga tarbiyya ba."

Ya buɗe baki zai ƙara, sai munka ji mota ta tsaya, sallama ta tashi daga ƙofar gida.

Alhaji Mahamman ne, uban Nafi'u, da ƙanensa Baba Idi. Shadda ta sha guga har tana ƙara in sun motsa, turare ya riga su shigowa. Bayansu an ɗauko huhun goro da kwalin dabino da alawa. Na bi Illo na tsaya bakin ƙofar zaure ta ciki, wurin da tsohuwa ke iya gani ba a ce ta leƙa ba. Alhaji ya hango tabarmi cike da mata, ya ji ƙamshin waina, ya ga Malam bisa buzu. Nan take fara'ar ta sauka daga fuskarsa kamar an zare riga.

"Inna lillahi. Malam Illo, ashe rashi anka yi? Ba ku sanar da mu ba."

"Alhaji, wato abin da ya..."

Malam ya ɗaga hannu.

To wa ke katse addu'a? Kowa ya durƙusa. Malam ya roƙa ma Karima gafara, ya roƙa mata sanyin kabari, ya roƙa ma iyayenta da mijinta haƙuri. Wurin mijin matan tsakar gida ba su ce amin ba, na lura. Illo kuwa ya ce amin, idonsa na kaina, irin kallon da ake ma akuyar da ta ci takardar gona.

Ana shafawa Alhaji ya ce, "Maganar da ta kawo mu a aje ta. Goron nan a raba, Allah ya kai ladan kabarinta."

"Alhaji, dakata..."

Ina! Matan Malbaza ba su da nawa. Kafin Illo ya haɗiye miyau an kwance huhu, goron auren Bushira ya zaga tsakar gida, kowace na ɓantara tana cewa Allah ya jiƙan Karima.

Alhaji ya juyo wajena da ladabi. "Hajiya, jinya ta yi?"

An tambaye ni. Ku shaida, an tambaye ni.

"Haihuwa ce, Alhaji. Mijin ya rantse in ta fita ba izininai a bakin aurenta. Naƙuda ta zo shina daji, waya ba ta shiga. Uwar mijin ta tsaya bakin ƙofa ta hana a fita da ita."

"Yayar mijin," in ji Illo.

Kowa ya dube shi.

"Yayarsa ce ta tare ƙofa, uwar ta mutu tun..." Sai ya kama bakinsa.

Na ce, "Ashe?"

"Fasinja ke kunna shi a mota," ya faɗa ma tabarma.

Alhaji bai kula ba, ransa ya riga ya ɓaci. "Wane irin jahili ne wanga? Mace na naƙuda ana maganar izini? Ɗan wane gari ne? A gaya mani sunan ubansa!"

Shi kuwa Baba Idi tun da na fara magana ya sandare da rabin dabino a hannu. Ya ce, "Hajiya. Ba dai Mas'udu dillalin shanu ba? Ba dai Karima 'yar Mai Tabarmi ba?"

"Ita, Baba Idi."

"Ta mutu?"

"Shekaranjiya."

Dattijo ya dafe kai da hannu biyu. "Ni ina wurin da take ɗinka kayan jariri! Wayata na wurin mai gyara tun Litinin! Na hana kowa a rumfa ya gaya mani komi, har na ƙaurace ma majalisa! Kun kashe mani ita kafin lokacinta!" Sai hawaye shaaa, na gaske, har cikin gemu. Matan Illela sunka ji namiji na kuka, sunka ɗauka daga farko.

Alhaji ya dubi ƙanensa, ya dubi Illo, ya dubi Malam. "Wai ni kaɗai ne ban san yarinyar nan ba?"

Illo ya share gumi. "Labari ne, Alhaji. Na waya. Ba a taɓa haihuwarta ba."

Kowa ya juya ya dubi Malam.

Na ɗauka Malam zai tashi ya kaɗe buzunsa ya tsine mana. Sai ya dubi tafin hannunsa. Can ya ce, "To. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Ni da hannuna na sallaci irin wagga yarinya a unguwar nan, ba ɗaya ba. Mala'iku sun san inda za su kai ta." Ya miƙa hannu ya ɗauki waina.

Da nan abin ya tsaya, da yanzu ana ɗinkin anko. Alhaji har ya fara murmushi, Illo ya fara samun numfashi. Sai ga Nafi'u.

Shi ya tuƙo su, ya zauna cikin mota kamar yadda ya kamata ga mai neman aure. Kukan baffansa ya jawo shi. Ya durƙusa ya gaishe da kowa, ya ce mani, "Kaka, ina gajiya," na ce, "Maigidana, ka zo ka iske mu cikin rashi." Da anka warware mai zancen ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya tsaya ga dariyar ma da sauƙi.

"Baba Idi, share hawayenka. Ai ni na faɗa masu tun ranar, Mas'udu bai da laifi ko kaɗan. Rezo ce, sabis ɗin waya, ta kashe ta. Da wayar ta shiga ai da ya ba da izini."

Wannan maganar na san ta. Harafi da harafi na karanta ta ranar Alhamis, ƙarƙashin hoton damisa.

"Maigidana," na ce, "ka faɗa ma su wa?"

"'Yan gurup ɗinmu ma..." Ya tsaya. Ya dube ni. Ya dubi wayar da ke rataye a wuyana.

"Ga tasbahata a wancan hannun," na ce, na ɗaga mai ita.

Wata ta ƙwala daga tsakar gida, "Damisa ne! Wallahi Damisan Arewa ne!" Tabarmi sunka tashi gaba ɗaya. Mata sunka cika bayana, kowace ta zaro waya ta saita shi. Mai tuwon da ya ƙone ta ce a ba ta hanya ta gan shi ido da ido, ta ɗauka gajere ne mai tumbi. Damisa ya koma kamar kyanwar da ruwa ya doka.

"Kaka."

Muryar Bushira ce, a bayana. Tun safe ubanta ya ce ta zauna ɗaki har baƙi su tahi. Ga ta ta fito, cikin leshinta ruwan goro da ta ɗinka don wagga rana, lalle har gwiwar hannu, kwallin ya zubo saboda ita ma ta yi nata kukan Karimar a ɓoye. Ba ta shiga zaure ba, ba ta dubi kowa ba. Gaban surukai yarinya ba ta magana da saurayi, ko sunansa ba ta kamawa. Ta raɓe jikin bango ta ce, "Kaka, ki tambaye shi. In ni ce fa?"

Na gyara murya. "Ta ce a tambaye ka, kai mai fahimta, in ita ce ke murƙususu kana can Galmi kana auna albasa, waya ba ta shiga, ta fita ko ta jira?"

"Kaka, ai labari ne."

"Ya ce labari ne."

"Na ji. Ki ce mai ni ba labarin na tambaya ba."

"Ta ce kunnenta ƙalau, ka amsa."

Nafi'u ya sosa ƙeya. "Ki ce mata ni wayata kullum a buɗe take."

"Ta Mas'udu ma a buɗe take!" in ji Baba Idi cikin kuka. Shi da bai kai wurin ba.

"To zan sayi layi biyu. Na Nijar da na Najeriya. In wannan bai shiga ba wancan zai shiga."

Na juya. "Ya ce zai sai layi biyu."

"In duka biyun ba su shiga ba fa?"

"Zan bar lambar yaron shago."

Alhaji Mahamman ya zungure shi da gwiwar hannu, yana magana ta cikin haƙora, amma zaure ƙarami ne. "Kai, mi ke damunka? Ce mata ta fita mana, mu sa rana mu tahi."

Yaron nan ya ɗaga ido ya dubi wayoyin da ke haska shi. Wallahi na so shi a lokacin, na ce a raina faɗi, ɗan nan, kalma guda ce, ni da kaina zan rangaɗa guɗa.

"Baba," ya ce a hankali, "ɗauka suke. In na faɗi haka yau, kafin magariba 'yan gurup sun cire ni daga shugabanci."

Malam ya aje wainar da ke hannunsa.

Illo ya taso ya zo bakin ƙofa, ya rage murya yadda uba ke yi in ya ga abu na shirin zubewa. "Bushira, koma ɗaki. Yaro ne, santsin baki ne. Mutane sun taso tun daga Tsarnawa, gari duk ya san yau ce ranar. Kar ki kunyata ni gaban baƙi. A kan matar da ba a ma haifa ba za ki watsa aurenki?"

"Ita ba a haife ta ba, Baba," in ji Bushira. "Ni an haife ni."

Ta shiga ɗaki. Illo ya sauke ajiyar zuciya, ya juya zai ba Alhaji haƙuri. Ni dai ƙarar makulli na ji.

Ta fito da mayafi a kafaɗa, makullin moto a yatsa. Mata sunka dare mata hanya. Ta wuce ni, ta shiga zauren da maza ke zaune, ta rusuna ta ce ma Alhaji ya yi haƙuri, ta ce ma Malam ya yi haƙuri. Sannan ta miƙe ta dubi Nafi'u tsakar ido, ba ta bi ta kaina ba wannan karon.

"Nafi'u."

Sunansa, gaban ubansa! Wata a bayana ta ce wayyo.

"Kana kusa, rezo ta cika, ga ni ga ka. Duba da kyau ko zan tambayi izini."

"Bushira, ina za ki?" in ji Illo. "Da izinin wa?"

Ta taka bakin ƙofa, ta kama ƙyauren ƙarfen nan da hannunta mai lalle, ta maka shi da ƙarfin da sai da akuyar maƙwabta ta amsa.